Tambaya da Amsa: Kambun Mataimakiyar Jaruma da Matan da Ba Fararen Fata Ba

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun fi karkata ga finafinan talabijin masu dogon zango na Amurka da Ingila, da kuma lambobin yabon da ake bai wa matan da ke fitowa a cikinsu. Na zaɓi huɗu da suka danganci juna, na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin wuri.

Wata mai karatu daga Kaduna ta rubuto cewa: Na ga hoton wata jaruma mai suna Uzo Aduba tana riƙe da kambun Emmy tana kuka, aka ce mini 'yar Najeriya ce, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta ci kambun mataimakiyar jaruma a wasan kwaikwayon talabijin. Shin haka ne? Kuma me ya sa a mataimakiya aka ba ta, ba a babbar jaruma ba?

Malama, rabin abin da aka gaya miki gaskiya ne. Uzoamaka Aduba a birnin Boston na Amurka aka haife ta a 1981, iyayenta kuma 'yan ƙabilar Ibo ne daga Najeriya. Hoton da kika gani mai yiwuwa na watan Satumba na 2015 ne, daren da ta karɓi kambun Emmy, babbar lambar yabon talabijin ta Amurka, na mataimakiyar jaruma a rukunin wasan kwaikwayon da ba na barkwanci ba, saboda rawar da ta taka ta wata fursuna mai suna Suzanne Warren a shirin Orange Is the New Black na Netflix. Amma ba ita ce ta farko ba, domin an riga ta da shekara 45.

Wadda ta fara ita ce Gail Fisher, a 1970. A shirin Mannix na tashar CBS ta fito a matsayin Peggy Fair, sakatariyar wani mai binciken laifuka, bazawara mai renon ɗanta bayan rasuwar mijinta ɗan sanda. A yau irin wannan rawa ba za ta ɗauki hankalin kowa ba, amma sai a tuna cewa a farkon shekarun talabijin a Amurka, baƙar mace idan ta bayyana a allo yawanci tana sanye da gyauton aikin kicin ne, tana yi wa iyalin farar fata girki da reno, kamar yadda aka gani a shirin Beulah na farkon shekarun 1950. Saboda haka ganin baƙar mace zaune a ofis, tana amsa waya, tana tono bayanai, maigidanta yana neman shawararta, ba ƙaramin abu ba ne a lokacin. Duk da haka, sakatariya ce, sunan shirin kuma na maigidan ne.

Bayan ta sai da aka jira shekara 14. A 1984 Alfre Woodard ta ci kambun saboda fitowar da ta yi a 'yan kashi kaɗan na shirin Hill Street Blues, a matsayin uwar da ɗan sanda ya harbe ƙaramin ɗanta bisa kuskure. A 1991 Madge Sinclair, haifaffiyar Jamaika, ta karɓa saboda shirin Gabriel's Fire, a daren da abokin aikinta James Earl Jones ya ci na babban jarumi a wannan shirin dai. Masu kallonmu da dama za su fi tuna ta a matsayin sarauniya, uwar yarima, a fim ɗin Coming to America na 1988. Sai Mary Alice a 1993 saboda I'll Fly Away, shirin da ke ba da labarin Kudancin Amurka a zamanin fafutikar neman 'yancin baƙar fata. A waɗannan 'yan shekaru sai aka ga kamar ƙofa ta buɗe. Ashe ba ta buɗe ba, domin daga 1993 babu baƙar macen da ta sake cin wannan kambu sai Uzo Aduba a 2015, tsawon shekara 22. A tsakani mace ɗaya ce tak wadda ba farar fata ba ta samu, wato Archie Panjabi, 'yar Birtaniya mai asali da Indiya, a 2010, saboda rawar Kalinda Sharma, mai bin diddigi a wani ofishin lauyoyi a shirin The Good Wife.

Kada a zaci a cikin waɗannan shekaru 22 an rasa gwanaye ne. Shirin likitocin nan Grey's Anatomy ya isa misali. Sandra Oh, 'yar Kanada mai asali da Koriya, ta shiga jerin 'yan takarar wannan kambu sau biyar a jere, daga 2005 zuwa 2009, ba ta ci ko sau ɗaya ba. Chandra Wilson, wadda ke fitowa a matsayin Dakta Bailey, gajerar likitar nan mai tsare gida da ƙananan likitoci ke shakka, ta shiga sau huɗu, ita ma hannu rabbana. A 2007 su biyun suna zaune a zaure aka kira sunan abokiyar aikinsu a shirin, Katherine Heigl, farar fata. Ba na cewa Heigl ba ta yi aiki ba, amma wanda ya kalli zangunan farko na shirin yana da damar tambayar ko da wane mudu aka auna.

Bayan Aduba sai Thandiwe Newton a 2018, saboda rawar Maeve a Westworld. Mahaifiyarta 'yar Zimbabuwe ce, mahaifinta Bature ɗan Ingila. A lokacin da ta karɓi kambun ana rubuta sunanta Thandie ne, kuskuren da aka yi tun farkon shigarta harkar fim ya bi ta shekara da shekaru, sai a 2021 ta sanar cewa ta maido da cikakken sunanta. Batun suna ya taɓa Aduba ita ma: ta sha ba da labarin yadda tana yarinya ta roƙi mahaifiyarta a sauya mata suna saboda 'yan makarantarsu sun kasa furta Uzoamaka, uwar ta ce mata mutanen da suka iya koyon faɗin Tchaikovsky da Michelangelo ba za su kasa koyon nata ba.

Game da rabin tambayarki na biyu, mataimakiyar jaruma ita ce wadda labari bai ginu a kanta ba, amma ba zai tsaya da ƙafarsa ba idan aka cire ta: ƙawar jaruma, ko uwarta, ko shugabarta a wurin aiki, ko abokiyar gabarta. Kambun ba na lallashi ba ne, kuma sau da yawa aikin ya fi wuya, domin a cikin 'yan mintoci ake son ta gina mutum sukutum. Matsalar ita ce, shekara da shekaru a nan kawai ake ajiye matan da ba fararen fata ba. Hujjar wannan tana cikin daren nan na 2015 da kika ga hotonsa: a daren ne Viola Davis ta zama baƙar mace ta farko a tarihi da ta ci kambun babbar jarumar wasan kwaikwayo, saboda How to Get Away with Murder, alhali an fara raba Emmy tun 1949. A jawabinta ta ce abin da ya raba mata irinta da sauran mata shi ne dama kawai, kuma ba yadda za a yi mutum ya ci kambu a kan rawar da ba a rubuta ta ba. A ganina wannan ita ce amsar tambayarki mafi gajarta, domin kambu bayan rawa yake bi, rawa kuma marubuci da furodusa da mai tasha ne suke yanke wa wadda za a ba.

Wani ɗalibi daga Sakkwato yana tambaya: Su wa ke zaɓen wadda za ta ci, kuma wa ke yanke cewa wannan babbar jaruma ce, waccan mataimakiya?

Malam, masu kallo ba su da ƙuri'a a Emmy. Ƙungiyar ma'aikatan talabijin ta Amurka da ke Los Angeles ce ke shirya bikin, mambobinta sun haura dubu 20, kuma an kasa su gwargwadon sana'a: daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto, 'yan wasa da sauransu. Kambun 'yan wasa, 'yan wasa 'yan'uwansu ne ke zaɓe. Shirin da za a duba dole ya kasance an haska shi tsakanin 1 ga Yuni da 31 ga Mayu na shekarar da ta biyo baya. Ana jefa ƙuri'a zagaye biyu: na farko a fitar da 'yan takara, waɗanda a rukunin mataimakiyar jaruma sukan kai bakwai ko takwas a 'yan shekarun nan, sannan kowace ta miƙa kashin shirin da take ganin ta fi nuna bajinta, a yi zagaye na biyu.

Rukunin da mace za ta shiga kuwa, yawanci ita da tashar da ta yi shirin ne ke zaɓa, cikin iyakar dokokin ƙungiyar, kuma akwai lissafi a ciki, domin wani lokaci akan tura wadda ta kusa zama babbar jaruma rukunin mataimaka don ta fi samun sa'a. Dokokin ma suna sauyawa. A 2014 Uzo Aduba ta ci Emmy a matsayin baƙuwar jaruma a rukunin barkwanci. Shekara guda bayan haka ƙungiyar ta kafa doka cewa shirin da kashinsa ya kai awa guda za a ɗauke shi a matsayin wasan kwaikwayo na gaske, ta kuma taƙaita wadda za a kira baƙuwa ga wadda ba ta fito a rabin zangon ba, sai ga Aduba a rukunin mataimakiyar jarumar wasan kwaikwayo, ta sake ci. Ta haka ta zama mace ta farko da ta ci kambun barkwanci da na wasan kwaikwayo a kan rawa ɗaya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kuɗi. Kafin ƙuri'a, tashoshi kan kashe maƙudan daloli wajen tallata 'yan wasansu a allunan titi da mujallun sana'ar da tarukan kallo na musamman, tamkar yaƙin neman zaɓe. Wadda tasharta ba ta tsaya mata ba, da wuya masu ƙuri'a su ma san da ita.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya rubuto da ƙorafi: Na ji an ce baƙar fatar Amurka suna da nasu bikin karramawa na daban. Ni a ganina wannan ma wariya ce. Idan fararen fata suka ware nasu za a yi ca a kansu, to me ya sa na baƙaƙe ya halatta?

Malam, tambayarka tana da nauyi, kuma a cikin baƙar fatar Amurka ma akwai masu irin ra'ayinka. Bikin da kake nufi shi ne na lambobin yabon NAACP Image. Ita NAACP ƙungiya ce ta kare haƙƙin baƙar fata da aka kafa a 1909, reshenta na Hollywood kuma shi ya fara wannan biki a 1967, shekara uku kacal bayan dokar 1964 da ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar jama'a. A cikin rukunansa akwai na mataimakiyar jaruma a wasan kwaikwayon talabijin, daidai da na Emmy, sai dai a manyan rukunan wannan biki jama'a na iya jefa ƙuri'a ta intanet.

Kafin in faɗi ra'ayina, bari in gyara abu guda. Bikin ba na baƙaƙe zalla ba ne. Amurkawa suna da wata kalma da ma'anarta kai tsaye ita ce "masu launi", wadda ta haɗa duk wanda ba farar fata ba: baƙaƙe, da masu asali da Asiya, da 'yan Latin Amurka, da 'yan asalin ƙasar na farko. Shi ya sa Archie Panjabi, wadda asalinta Indiya ne, ta ci kambun mataimakiyar jaruma na wannan biki a 2012. Ita kanta kalmar ba kowa ke sonta ba, domin ta tara mutanen da tarihinsu bai yi kama ba a kwando ɗaya, ba don komai ba sai don dukansu ba Turawa ba ne.

Kwatancin da ka yi da fararen fata shi ne inda na saɓa maka. Fararen fata ba su taɓa bukatar ware nasu bikin ba, saboda babban bikin ya daɗe yana zama nasu ba tare da an rubuta hakan a takarda ba. A 1940, ranar da Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, babban kambun finafinai na Amurka, a matsayin mataimakiyar jaruma, kuma a rawar 'yar aiki, sai da aka nemi alfarma kafin a bar ta ta shiga otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles, aka kuma zaunar da ita a wani ɗan tebur a gefe, nesa da abokan aikinta. Kada ka ce wannan tsohon labari ne. A Emmy na 2021, shekarar da aka yi ta murnar yawan 'yan takarar da ba fararen fata ba, duka kambuna 12 na manyan jarumai da mataimakansu, maza da mata, fararen fata ne suka kwashe. A rukunin da muke magana a kai, Aunjanue Ellis da Samira Wiley suna cikin 'yan takara, Gillian Anderson ce ta ci saboda fitowarta a matsayin Margaret Thatcher a The Crown. Wanda aka hana shiga rumfar biki, idan ya kafa tasa a waje, ba shi ne ya raba taron ba.

Akwai kuma wani amfani da bikin NAACP yake yi wanda Emmy ba ya yi. Masu ƙuri'ar Emmy suna da irin shirye-shiryen da suke kallo, baƙar fatar Amurka kuma suna da nasu da suke so, kuma ba kullum suke haɗuwa ba. S. Epatha Merkerson ta shafe shekara 17, daga 1993 zuwa 2010, tana fitowa a matsayin Laftana Anita Van Buren, shugabar 'yan sandan bincike a Law & Order. Emmy ɗin da ta samu a 2005 ba a kan wannan doguwar rawa aka ba ta ba, a kan wani fim ɗin talabijin ne daban. NAACP ce ta karrama ta a kan Van Buren, ba sau ɗaya ba. Haka Chandra Wilson, wadda Emmy ya yi ta wucewa, a nan ta samu. Naturi Naughton ta shirin Power da Lynn Whitfield ta shirin Greenleaf, shirye-shiryen da baƙar fata ke kallo sosai, su ma a wannan biki aka ɗaga hannunsu.

Duk da haka, ba zan ɓoye maka inda nake ganin kana da gaskiya ba. Haɗarin irin wannan biki shi ne ya zama wa manyan masu tashoshi uzuri, su ce ai suna da nasu can, su ci gaba da yin yadda suka saba. Kuma a kasuwar Hollywood, kambun da ke ɗaga farashin 'yar wasa a kwantiragin gaba, ya sa a rubuta shiri domin ta, har yanzu Emmy ne. Shi ya sa ba na ɗaukar bikin NAACP a matsayin madadin wancan. Ita ƙungiyar ma ba ta tsaya a raba kambu ba, domin a 1999, da ta lura manyan tashoshin Amurka huɗu sun fito da sababbin shirye-shiryen dare babu wanda ba farar fata ba a manyan rawa, barazanar ƙaurace musu ta yi, har suka sa hannu a kan yarjejeniyar ƙara ɗaukar ma'aikata daga sauran jinsuna.

Wata mai karatu daga Zariya ta tambaya a taƙaice: Da gaske ne akwai haifaffiyar garinmu da ta ci irin wannan kambu a Ingila?

Da gaske ne, Malama. Wunmi Mosaku a Zariya aka haife ta a 1986, iyayenta Yarbawa ne malaman jami'a, kuma tana 'yar shekara ɗaya suka koma Manchester, inda ta tashi. A 2017 ta ci kambun mataimakiyar jaruma na BAFTA a ɓangaren talabijin, wanda shi ne takwaran Emmy a Birtaniya.

Shirin da ya ba ta kambun shi ne Damilola, Our Loved Boy na BBC, kuma labari ne na gaskiya da tsofaffin masu sauraren rediyo za su iya tunawa. Damilola Taylor yaro ne ɗan shekara 10 daga Legas, wanda iyalinsa suka je London don nema wa yayarsa magani. A watan Nuwamba na 2000, 'yan watanni da isarsu, wasu yara suka soke shi a ƙafa a unguwar Peckham yana hanyar komawa gida daga ɗakin karatu, jini ya ƙare masa a matattakalar wani bene. Mosaku ta fito a matsayin mahaifiyarsa, Gloria Taylor, wadda ta rasu a 2008. Shirin bai mai da hankali a kan masu kisan ko 'yan sanda ba, cikin gidan ya shiga, ya nuna yadda rashin ya kusa raba miji da mata da sauran 'ya'ya, kuma nauyin wannan ɓangare a kafaɗar Mosaku ya fi sauka.

Bayan ta, wasu baƙaƙen mata sun ci wannan kambu na BAFTA: Naomi Ackie a 2020, Rakie Ayola a 2021, da Jasmine Jobson a 2024 saboda shirin Top Boy. Wani abu da na lura da shi, wanda ban san ko in kira shi ci gaba ko akasin haka ba, shi ne Rakie Ayola ita ma a matsayin uwar da aka kashe wa ɗa ta fito, wato Gee Walker, mahaifiyar Anthony Walker, matashin da aka kashe a kusa da Liverpool a 2005 saboda launin fatarsa. Idan aka haɗa da Alfre Woodard a 1984, mata uku ke nan a cikin waɗannan amsoshi da aka karrama a kan kukan mutuwar ɗa. Ita Mosaku daga baya ta tsallaka Amurka, ta fito a Lovecraft Country a matsayin mawaƙiya Ruby, a Loki kuma a matsayin mayaƙiya mai sanye da sulke.